Wadda Ta Kwance Ƙofar Lambu

Ranar wata Laraba cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamaren garinmu Durun, muka iso makaranta muka tarar awaki sun kwana a lambun ajinmu. Kuɓewar da muka yi wata biyu muna yi wa noma, kara kawai suka bari a tsaye, alayyafo kuwa ko ganye ɗaya babu. Ni ce monita, ɗaure ƙofar darnin bayan an tashi aikina ne, don haka tun kafin a buga ƙararrawa na san ni za a nema.

Na ɗaure ta kuwa. Ni da nake komawa sau uku in duba ko na rufe akurkin kajin Inna, ranar Talatar ma sai da na ja igiyar nan sau biyu. Amma da na kai bakin hanya na waiwaya, sai na hango wata yarinya ta koma lambun da gudu. Bayanta kawai na gani, kuma duk 'yan matan makarantar farin hijabi iri ɗaya muke sawa. Gudun dai ya yi mini kama da na Rabi, ƙawata da muke 'yar carafke a ƙofar gidansu in mun gama surfe. Ita kuwa kakarta ta riga ta rantse, in aka sake kawo mata ƙarar Rabi daga makaranta, to bokon ya ƙare, sai tallan awara.

A zangon ne Malam Habibu, malaminmu na Turanci, ya rubuta mana wasu jimloli a allo, ya jera su kamar matakala. "I may know," wataƙila na sani. "I should know," ya kamata a ce na sani. "I cannot know," babu yadda za a yi in sani. Yakan ce mana, "Bature ma sai ya auna saninsa kafin ya buɗe baki." 'Yan ajinmu waƙa suka mayar da abin, suna rerawa suna buga benci. Ni kuwa ya shige ni, domin haka Babanmu yake a Islamiyyarsa, tambayar da bai tabbatar da amsarta ba, "Allahu a'alamu" yake cewa.

A filin taro an hana Hausa. Safiyar Larabar nan Hedimasta ya fito da ni gaba, bulala a hannunsa, ya ce, "Monitor, you must know." Wato dole na san wadda ta yi. Rabi tana cikin layi tana murɗa bakin hijabinta. In na ce ban ga kowa ba, na yi ƙarya. In na kira sunanta, na ba da shaida a kan abin da ban tabbatar ba, kuma na san abin da ke jiran ta a gida. Sai na ce, "I should know, sir, but I cannot know." Daga nan Turancin ya ƙare mini, na ce, "Baya na gani, Malam, wallahi ban ga fuska ba." Bulala uku na sha saboda Hausar, aka kuma ɗora mini sake shuka lambun ni kaɗai.

Ina cikin kaftu Malam Habibu ya tsaya a bakin darni yana dariya. "Ke Hadiza, duk ajin nan ke kaɗai kika ɗauki darasina da zafi, har ya ja miki duka." Kashegari da aka fita tara sai ga Rabi da fartanya. Sati biyu tana zuwa muna aikin tare.

Ni a aji shida karatuna ya tsaya. Rabi ta wuce sakandare, yanzu ita ke karɓar haihuwa a wani asibiti a Gwarzo. A yau kuwa saƙo ɗaya zai shigo waya, kafin la'asar rabin unguwa sun rantse sun san mai laifi. Nakan yi kewar lokacin da ake koya wa yaro cewa sani ma hawa-hawa ne. Muna haɗuwa da Rabi wajen biki da suna, mu yi hira mu rabu. Har yau ban tambaye ta ba, kuma ba na jin zan tambaya.