Kunya Ɗaya a Gonar Barnabas

Baba Iliya manomi ne na a zo a gani, amma taurin kansa ya fi nomansa suna. A ƙauyenmu, gabas da Gezawa, gidajen Kirista bakwai ne kacal, cocinmu kuma ɗaki ne guda na jar ƙasa. Shi ke ba da waƙa a ciki. In ya ɗaga murya, har maƙwabtanmu Musulmi sukan ce yau Iliya ya ci ya ƙoshi.

Gonakinmu a matse suke, ciyawar gamba ce kawai ke raba ta wani da ta wani. Wata damina Iliya ya tumɓuke gambar da ke tsakaninsa da Barnabas, ɗan'uwansa a coci, ya matsar da ita, ya ci kunya ɗaya. Kunya ɗaya fa, wadda geronta ba zai cika kwando ba. Da Barnabas ya yi magana, sai ya ɗauke shi da mari. Dattawan coci suka sa shi a horo: ya mayar da iyaka, ya zauna a bencin baya, ba waƙa, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci.

Iyaka dai ya mayar, don mai unguwa ya sa baki. Bencin baya kuwa ya ce sai bayan ransa. Ya daina zuwa, ya hana a yi masa zancen coci a gidansa. Mutane suka riƙa cewa kunyar gona ya ci, kunyar ido ta cinye shi.

Matarsa Rifkatu ba ta da buri sai ta ga ranar da za su sake cin jibi tare. Bayan girbin shekarar, Barnabas da kansa ya roƙi dattawa suka ɗage horon. Rifkatu ta dawo gida da sauri ta ce tana da albishir. Ya ce in daga can ta kwaso shi, ta mayar musu da abinsu, in kuma ta sake, ta tattara kayanta. Fasto ya je sau uku. Iliya na hango shi sai ya saɓi fartanya ya bi ta bayan danga. Mu kuma muka ɗauka ya sani, girman kai ne kawai. Har yau ina jin nauyin shirun da muka yi.

Haka aka yi shekara goma sha bakwai. Kowace Lahadi takan wanke masa riga ta rataye, ta dawo ta tarar da ita a inda take. Bara ciwon ƙirji ya tafi da ita. Wajen jana'iza ma Iliya a bakin ƙofar coci ya tsaya.

Maƙwabcinsa Malam Tahir ne ya fasa masa gaskiya ran da ya je gaisuwa. Ya ce, “Iliya, mu muna masallaci, naku suna coci. Kai ina ka dosa? Ita dai ta san inda ta tafi.”

Lahadi ta uku bayan rasuwar sai ga Iliya a coci. Ya shigo kansa a sunkuye, ya zauna a bencin baya, ya zo ya ɗauki horonsa. Ranar cin jibi ce. Barnabas, wanda yanzu sai da sanda, ya lallaɓa har inda yake ya kama hannunsa.

“Tashi mu je gaba. Horonka ya ƙare tun kakar da aka yi abin. Rifkatu muka aika ta gaya maka.”

Iliya ya ɗago kai ya dube shi. Can ya ce, “Ta zo. Ni na hana ta.”

Ya bi Barnabas gaba. Aka miƙa masa gurasa, ya karɓa. Kafin ya kai baki sai ya waiga ɓangaren mata, ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Sannan ya ci, yana kuka.