Tsohon da Ya Hana Ni Ramuwar Murjani

Jama'a, abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ne, na rantse da wanda raina ke hannunsa a kaina ya faru, a shekarun baya kafin yaƙi ya tarwatsa mu. A lokacin ina zaune a Umbadda, kullum ina tsallaka gada zuwa Khartoum inda nake kula da gidan wani likita, mutumin kirki, Dakta kawai muke ce masa.

A falonsa na can ciki akwai wani babban akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye, da murjani mai rai. E, mai rai, ni ma da a wuyan mata kawai na san murjani. Marigayiya matarsa ce ta rene su tun suna kamar kan yatsa, shi ya sa bayan rasuwarta a gabansu yake shan kofinsa, shiru, har ya huce.

Shi murjani da wani sinadari yake gina ƙashinsa, Dakta yana kiransa ƙalawiyya, dangin kanwa ne dai, farin gari da ake narkarwa a ruwa. Wani ɗan inji ne ke ɗiga shi a akwatin kaɗan-kaɗan. An koya mini awo: ka ɗebi ruwa a 'yar kwalba, ka riƙa ɗiga magani har launi ya juya, in ya juya da wuri to sinadarin ya yi ƙasa. Na rubuta sunan kowace gora da ajami a jikinta don kada in rikita.

Da Dakta zai tafi aikin Hajji ya riƙe hannuna ya ce, "Ya Hajj, gidan nan in ya ƙone malesh, ba komai, amma waɗannan amana ce."

To, wutar lantarki ta yi ta wasa a makon nan, a ɗauke a kawo, janareta yana riƙe da famfon da ke juya ruwan akwatin, ban san ɗan injin ya ƙone ba. Sai wata rana bayan azahar na lura gorar sinadarin tana nan inda take, ko kaɗan ba ta ragu ba. Na yi awo, launi ya juya tun ban je ko'ina ba, murjanin kuwa duk sun yi fayau. Innalillahi! Na kira Dakta, waya a kashe, yana Mina.

Na zauna na yi tunani irin namu. Wanda sallah ta wuce shi ai ramawa yake yi, yanzu-yanzu, ba jinkiri. Sai na auna duk abin da ya wuce su na kwanakin nan a jug guda, na yi bisimilla, na ɗaga hannu ke nan zan juye, sai na ji sallama a ƙofar waje.

Na ajiye na fita. Wani tsoho ne dogo, farar jallabiya, ba takalmi, a wannan rana da ko jaki ke neman inuwa. Akwai randar sadaka a ƙofar gida kamar yadda aka saba a Sudan, amma bai ɗiba da kansa ba, ya ce in ba shi. Abin da ya fara kama ni, da Hausa ya yi magana, irin tsohuwar Hausar kakanninmu ta gonakin Jazira, alhali a unguwar nan ba wanda ya san ina jinta.

Ya sha, ya yi hamdala, ya dube ni ya ce, "Ɗan malam, wanda ya wuni da ƙishi, tulu ake juye masa a baki?"

Na ce, "A'a, Baba, kurɓa ake ba shi."

Ya ce, "To abin da ka ajiye a ciki, kurɓa-kurɓa. Inda ruwa ke gudu. Gobe ma rana ce."

Wallahi tsakanin ƙofar nan da falon akwai tsakar gida da ƙofofi a rufe, ba ta inda zai gani. Na juya in rataye kofin, na waiwayo, ba kowa. Layin miƙaƙƙe ne, ba lungu.

Na tsallaka wajen Hajja Sakina mai shayi da ke ƙarƙashin bishiya, na ce ina tsohon ya bi? Ta ce, "Wane tsoho, ya zol, bawan Allah? Tsoho ɗaya na gani, kai ne, kana miƙa wa iska kofi kana gyaɗa kai. Rana ta taɓa ka ne, ko kifin Dakta sun fara koya maka magana?" Ta yi ta dariya, ni kuwa ban iya ba, don kofin da na cika babu ko ɗigo, kuma inda ya tsaya ga sawun ƙafa biyu jiƙaƙƙu. Kafin in gama kallo suka bushe suka bar fari. Na dangwala na ɗanɗana. Gishiri ne. Ina Khartoum, ina teku?

Na koma ciki, na mayar da sinadarin gora, na bar ɗan kaɗan, na ƙara masa ruwa, na ɗiga a bakin famfo a hankali. Washegari na auna, na ƙara kaɗan. Haka na yi ta yi har awo ya dawo daidai, murjanin suka buɗe, launinsu ya komo. Ko ɗaya bai mutu ba, Alhamdulillahi, ranar na yi sujada a kan tayil ɗin falon.

Da Dakta ya dawo na nuna masa jug ɗin da iya inda na cika shi. Sai da ya nemi kujera. Ya ce da na juye, ruwan zai yi fari kamar nono, naman murjanin ya saɓule daga ƙashi, kafin magariba an gama, don saurin canji ya fi ƙarancin kashe su. Ya ce wa ya hana ni? Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya sa aka ƙara randa ta biyu a ƙofa.

Ban sake ganin tsohon ba, ban kuma san ko wane ne ba, Allah ne masani. Ku dai in an ba ku amanar abu mai rai, kada tsoro ya sa ku gyara shi da gaggawa, ku auna, ku ba shi kaɗan, ku jira. In kuma an yi muku sallama kuna tsakiyar aiki, ku ajiye ku amsa.