Rakiya Zuwa Bakin Kwalbati

Shekarar da zan rubuta jarrabawar fita sakandare, lissafi ya tasa ni gaba. Sai Umma ta roƙi ƙawarta, wata malama Kirista 'yar asalin Filato, ta riƙa zuwa gidanmu a Dutse Uku cikin Jos ran Asabar tana koya mini. Lokacin gari bai daɗe da lafawa daga rikici ba, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Ita ko a jikinta. Da lemarta take shigowa, ta zauna a tabarmarmu ta ci tuwo.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rubuta tazarar lambobi. A ce lamba ta fi biyu amma ba ta wuce biyar ba, wai a rubuta (2, 5], baka mai lanƙwasa a farko, mai kusurwa a ƙarshe. Ni duk baka baka ce, wadda hannuna ya samu nake dasawa.

"Duba nan, yarinya," in ji ta da Hausarsu ta Jos, wadda ba ta raba ka da ki. "Mai lanƙwasa, ka zo bakin ƙofa amma ba ka shiga ba. Mai kusurwa, ka shiga har ka zauna. Ka gane?"

Na gane, har na ci jarrabawar.

In ta tashi tafiya ni ke yi mata rakiya, amma iyakata bakin kwalbatin da ya raba unguwarmu da tasu. Kullum sai ta ce, "Zo ka ga ɗakina mana." Kullum ina da uzuri, ko wanke-wanke ko hadari. Babu wanda ya hana ni, tsoro ne kawai, kuma ta sani. Sai ta yi murmushi ta karɓi jakarta.

Da ciwo ya kwantar da ita, Umma ta riƙa ba ni kunun gyaɗa in kai mata. Nan ma a kwalbatin nake tsayawa, mijinta ya fito ya karɓa. Ya ce tana tambayata, na ce wani satin.

Ranar da na tsallaka, gaisuwar rasuwarta muka je da Umma. Gidan bai fi jifa ba daga kwalbatin. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Mijin ya miƙo mini kujera, ya dube ni ba tare da fushi ba.

"Sannu da zuwa, 'yata," ya ce. "Ashe ka san hanya."