Bugun Baya a Lambun Albasa

Ɗiyata ta biyu da ciwon ƙirji aka haife ta. Majina mai kauri kamar ƙullun koko ke toshe mata numfashi, kuma in na sumbaci goshinta gishiri nake ji a leɓena. Likitan Sakkwato ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Wata nas a Bodinga ta koya mini in riƙa kifa ta a cinya safe da yamma, in lanƙwasa tafin hannu kamar mai ɗibar ruwa, in yi ta bubbuga bayanta har ta tofar.

A ƙarshen mulkin farar hula, lokacin da ko sabulu sai an sha layi, baƙon dauro ya shigo garinmu Danchadi. Nas ta aiko kada in kuskura in kai yarinyar asibiti, ya cika da masu ƙyanda, magani kuma babu. Hannuna kaɗai ya rage mata.

Sai surukata ta kife turmi, ta hana daka da suya a gidan, wai ƙararsu ke jawo baƙon. Da ta ji ni ina bugun, ta leƙo ɗaki.

“Ke ɗiyag ga, bari! In ya jiya, nan za shi sauka.”

Na bari, don tsohuwar ba mugunta take yi ba, jikarta take tsoro wa. Amma kafin la'asar ƙirjin yarinyar ya fara kurari, leɓɓanta suka yi duhu. Raina ya ɓaci. Na goya ta, na ɗauki ƙwaryar fura, na ce zan kai wa malam, maigidana, a fadama. Ni da ban taɓa damuwa da ƙishirwarsa haka ba!

Can tsakanin fangalin albasa na shimfiɗa zane na kifa ta. Babanta yana ban ruwa yana duba hanya, ita kuwa tana rera waƙa, bugun yana sa muryarta karkarwa, tana dariya. Haka muka yi kullum har baƙon ya bar gari bai taɓa ta ba.

Ciwonta ne ya ɗauke ta daga baya, tana firamare. Ina kewarta ƙwarai. Har yau in na rungumi jika, hannuna da kansa yake lanƙwashewa ya hau bugu. Su ƙirjinsu lafiya lau, sai su zille su gudu. Ita ba ta taɓa zillewa ba.