Inuwar Tankin Tasha

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mijina, Malam Sani alƙalin wasa, amma har yau idan na rufe ido, a tsakiyar filin tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura nake ganinsa, cikin baƙar riga, usur na lilo a ƙirjinsa. Ranar da na fara ganinsa ina bayan shinge, littafin soyayya a hannuna. Ban sake komawa kan shafin ba.

A lokacin muna cikin jihar Sakkwato, kuma 'yan ƙwallonmu ba su yarda da agogo ba. Sun ce a hannun mutum ɗaya yake. Ƙa'idarsu ita ce, da inuwar tankin ruwan tasha ta taɓa turken raga, wasa ya ƙare.

Ana saura wata guda ɗaurin aurenmu 'yan Zurmi suka zo, suka ci mu ɗaya. Can yayana Bala, kyaftin ɗinmu kuma waliyyina, ya ɗaga ƙafa ya buga. Usur ya yi ƙara, sannan ƙwallo ta shiga raga.

Fili ya ruɗe. Yaya Bala ya nufo Malam a guje, idanunsa jajur. Na san idan hannunsa ya sauka, aurena ya tashi. Malam bai ja da baya ba. Hannuwansa ya mayar baya, ya tsaya.

"Malam, mi kab busa?"

"Inuwa, Bala. Tai ka duba."

Yayana ya juya, ya taka har bakin raga, ya durƙusa ya daɗe yana kallon gindin turken. Har kukan tantabarun tasha ina ji. Sai ya ciro ƙwallon, ya miƙa wa kyaftin ɗin Zurmi da hannu biyu. Duk littattafan da na karanta, ban ga jarumtar da ta kai wannan ba.

Yanzu jikokina kan dawo daga gidan kallo suna zagin alƙali, wai har an maimaita hoto 'yan wasa ba su yarda ba. Hanyar Zurmi ma ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, balle a je wasa. Me Malam zai ce? Ina jin hannuwa kawai zai mayar baya.

Yaya Bala ne ya ɗaura auren, shi ne kuma ya sa Malam a kabari. Yau ya tsufa, gwiwa ta ƙi, amma duk yammacin Asabar yana filin firamaren Sakajiki da usur ɗin nan a wuyansa. Idan ya busa, yara tsayawa suke yi.