Baba Kunne da Takardar da ta Yabi Gajere

Wanda ya fara ba ni labarin Baba Kunne shi ne ƙanin kakarki, telan nan da shagonsa ke hawa na biyu a dogon ginin teloli. Ranar da yake ba ni, dariya ta sa ya ƙware da shayi har sai da na bubbuga masa baya. Daga baya na je na zauna a bencin mutumin na ji sauran daga bakinsa. To gyara zama ki rubuta, jikalle, kuma kada ki gyara mini magana.

Mai gyaran keken ɗinki ne, shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a. Ubansa keken hawa yake gyarawa, ya so ɗan ya gaje shi, shi kuwa ya ce ba ya son abin da zai gyara a hau a gudu a bar shi tsaye, ya fi son keken da ke zaune wuri ɗaya. In ya shiga shago ba ya taɓa komai tukuna. Sai ya ce wa tela, "Taka mu ji." Tela ya taka, shi kuma ya kwantar da kunne a jikin ƙarfen, ya lumshe ido kamar ana ba shi labari mai daɗi. Can ya ɗago ya ce, "Kwarkwaron zare ne," ko ya ce, "Bel ya saki." Daga nan sunan ya bi shi. Jakarsa baƙa ce, hannunta ya tsinke tun tuni an ɗaure da tsohon bel, cikinta sukundireba uku, tsohon burushin haƙori, kwalbar mai da gashin kaza a ciki, da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi.

To, sai gwiwa ta fara yi masa gardama. Ginin hawa huɗu ne. In ya hau ɗaya sai ya tsaya yana duba bango kamar shi ya yi fentin, don kada a gane hutawa yake. Matarsa, wadda yake kira Tsohuwa, ta ce, "Malam, ko dai ka sami wurin zama a riƙa kawo maka aiki, ko ka rataye jakar nan ka zauna gida." Zaman gida kuwa shi ne abin da Kunne ya fi tsoro a duniya.

Ana haka sai aka ji za a ba da ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti. Ga ƙofa, ga 'yar taga, ga wurin jona wuta. In ya samu, teloli su sauko masa da kan keke, shi yana zaune. Amma akwai wani mai sayar da caja da rigar waya da shi ma ya sa ido a wurin. Manajar ginin, wata mata mai tabarau da sarƙa a wuya, mai saurin magana, ta ce duk mai so ya kawo tsarin kasuwancinsa a rubuce, nan da ranar Asabar.

Kunne ya ce, "Tsarin me, 'yata? Ai tsarina ga shi a jaka."

Ta ce, "A takarda, Baba."

Shi kuwa ko harafi ɗaya bai sani ba. Ya koma gida jiki ba ƙwari. Matar ɗansa, wadda ke aikin jinya, ta karɓi wayarsa ta sa masa wata manhaja. Ta ce, "Baba, ka danna nan. Zai yi maka tambaya da murya, kai kuma ka amsa da baki. In kun gama shi zai rubuta komai. Ni makon nan aiki ya yi mana yawa, ba za ka gan ni sosai ba."

Washegari da hantsi ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya jingina wayar da kwalbar mai a kan tebur, ya danna. Muryar namiji ta fito, mai ladabi. Kunne ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali. Muryar ta ce ba ta da iyali, amma ta gode. Kunne ya juya ya ce wa matarsa, "Kin ji? Gwauro ne, bawan Allah. Shi ya sa yake da lokaci." Nan take ya sa masa suna Akawu.

Kwana uku suka yi suna abu ɗaya, kuma Kunne bai taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai "Yaushe za ka gama?" Ga wani nan yana tambaya yana saurare, ba ya katse shi, ba ya duba agogo. Abinci ya huce, ba ya ko kallo. Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Malam, ka bar yaron mutane ya huta mana." Ya ce, "Shi ya ce in ci gaba!"

Sai dai ga inda abin yake. Masu sana'ar hannu irin su Kunne suna da hali biyu da ba sa saki: mutum ba ya yabon kansa da bakinsa, kuma ba ya kushe abokin sana'a a bayan idonsa, balle a gaban baƙo.

Akawu ya ce, "Me ka fi kowa iyawa?"

Kunne ya ce, "Ni? Haba. Ɗan taɓawa dai nake, in Allah ya sa an dace."

"Ina rauninka yake?"

Nan fa baki ya buɗe. Gwiwa, ido, yawan surutu, son shayi, rashin sanin keken lantarki, da yadda wani lokaci yake manta sukundireba a shagon mutane.

"Akwai wani da ke irin aikinka a kusa?"

Akwai kuwa. Wani ne ana ce masa Gajere, mai gyara a kan babur. A ransa Kunne na ganin Gajere yana ɗaure ƙusa kamar yana faɗa da ita, kuma rabin aikin da yake samu gyaran ɓarnar Gajere ne. Amma ya faɗi haka ga Akawu, mutumin da jiya-jiya suka san juna? Sai ya gyara murya ya ce, "Kai, Gajere ai gwani ne. Ga ƙarfi, ga ido, ga babur. Ka kira shi kafin ka ajiye waya ya iso. Keken lantarki kuwa kamar shi ya haife su. Mu dai 'yan kallo ne."

Da aka tambaye shi su wa yake yi wa aiki, sai ya ce ai shi ba mutane ya sani ba, kekuna ya sani. Ya shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya, daga hawa na ɗaya har na huɗu, kowane da ciwonsa da abin da ya jawo ciwon. Wannan kaɗai ya cinye yini guda.

Ranar Alhamis aka buga takardar a shagon buga takardu na bakin titi. Shafi goma sha biyu, har da wani zagaye mai launi uku. Kunne ya riƙe ta kamar jariri. Ya sa a leda, ya sa ledar cikin wata leda. Ya bi layi yana nunawa. Mai wankin hula ya gani, mai faci ya gani, mai shayi ya miƙo hannu zai karanta, Kunne ya janye.

"Da wannan hannun naka mai madara? Ka dai kalla daga nesa. Ka ga zagayen nan? Ni ne."

Har rawa ya ɗan taka a ƙofar gida, gwiwa ta tuna masa, ya daina. Ba wanda ya bari ya karanta, har ya miƙa wa Manaja.

Ranar Asabar teloli suka cika ƙasan bene, wasu a kan matakala da tef ɗin awo a wuya. Mai caja ya zo da tasa takardar, shafi biyu, aka karanta aka gama. Manaja ta buɗe ta Kunne, shi yana zaune a gaba yana washe baki yana kallon jama'a. Ta karanta a ranta, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Ta ce, "Baba, kai ka faɗi abin da ke cikin nan?"

"Da bakina."

Sai ta ɗaga murya. "Mai wannan sana'a ya bayyana cewa ƙwarewarsa kaɗan ce. Yana da ciwon gwiwa, da raunin ido, da yawan magana. Babban abokin gasarsa, Gajere, ya fi shi sauri, ya fi shi ƙarfi, ya fi shi sanin kayan zamani."

Wurin ya fashe da dariya. Wani daga matakala ya ce, "Baba Kunne, kai kake neman ɗakin ko Gajere kake nemar wa?" Wani ya ce, "A kira Gajere ya zo ya karɓi makulli!" Mai caja har da tafi.

Manaja ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To Baba, gaya mini. In haka ne, don me zan ba ka? Ka fi Gajere ko ba ka fi shi ba?"

Kunne ya waiga. Ƙofar ɗakin na nan gefensa, hannu ma zai kai. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ita. Ya kalli jama'a. Ya ce, "'Yata, kowa da rabonsa." Ya sa hannu ya jawo jakarsa.

Ita kuwa tana ta juya shafi. Can ta ce, "Tsaya. Wannan kuma mene ne? Shago na bakwai, hawa na ɗaya: keken yana ciwo ne saboda mai shi yana zuba masa man girki, yana cewa man keke ne."

Mai shago na bakwai ya miƙe. "Sau ɗaya ne!"

"Shago na sha biyu: shayi ya zube a ciki, an ce wa maigidan shago ruwan sama ne."

Maigidan ya juya ya kalli yaronsa na aiki, wani ƙato mai gemu, wanda ya fara duba silin.

"Shago na ashirin: kwarkwaron da ke ciki ba nasa ba ne, na keken wan mai shagon ne da ke shago na ashirin da ɗaya."

Wan ya ce, "Shekara biyu ina nema! Kai, ƙanina, ashe kai ne?"

Ai sai wuri ya rikice. Kowa na ihu a karanta na maƙwabcinsa, a tsallake nasa. Ƙanin kakarki ya ce shi har zamewa ya yi daga matakala don dariya, kafin a zo kan nasa a ce yana taka keke a kan zif kamar mai gudun kare. Kunne kuwa sai salati yake, yana cewa, "Ni fa ba mutane na faɗa ba, kekuna na faɗa! Akawu, ka kashe ni!"

Manaja ta bar su suka gaji, sannan ta buga tebur. Ta ce, "Keke sittin da uku ke ginin nan, ni da nake manaja ban san haka ba sai yau. Duka suna cikin kan tsohon nan. In ya zauna gida, da su zai zauna." Ta ciro makulli ta ajiye a gabansa. Aka ɗauki sowa, wasu suka ɗaga shi sama da kujerarsa, yana roƙo a sauke shi saboda gwiwa.

Amma ta ce da sharaɗi. A shafin ƙarshe Akawu ya ba da shawara, tunda Gajere ya san keken lantarki, Kunne ya neme shi su haɗa hannu, kwana biyu a mako Gajeren ya riƙa zuwa ɗakin. Ta yage shafin ta miƙa masa. "Tsarinka ne, Baba, ba nawa ba. Kai masa ya sa hannu ka dawo mini da shi."

Yanzu haka Kunne na cikin ɗakin. Ya sa benci, ya kafa ƙusa ya rataye jakar, teloli na saukowa da kan keke a kafaɗa. Sai dai kafin ya je wurin Gajere, labari ya riga shi zuwa. Gajere ya sa an buga masa kalmomin yabon nan da manyan baƙaƙe, ya manna a bayan baburinsa, har da "in ji Baba Kunne" a ƙasa. Kullum sai ya bi ta gaban ginin ya danna oda ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, gwaninka na gaisuwa!" Kunne ya amsa da fara'a, sannan ya shiga ciki ya yi ta ƙunƙuni.

Wata bakwai ke nan shafin na aljihunsa, ya naɗe har ya fara yagewa. Duk ranar da Manaja ta tambaya sai ya ce gobe. Shekaranjiya ma ya sa takalmi ya ce yau dai sai ya kai. Ya fita, ya sha kwana, ya isa teburin mai shayi, aka matsa masa a benci. Har rana ta yi tsaka yana nan zaune.