Gwiwar da Ta Taɓa Ƙasa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in ba ku labarin maigidana da wani ɗan Rasha.

Maigidana mahauci ne, kuma ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa. Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi, likita ya ce dukan da kansa ya sha ne yake tashi. 'Yarmu, wadda take aikin nas, ta ɗauko mu zuwa gidanta a unguwar Lewisham, can ƙasar Turawa. Muna zuwa bakinsa ya mutu. Sai ya wuni yana kallon motocin bas ta taga, abinci ma sai da lallashi.

Wata rana bayan la'asar 'yarmu tana canza tasha, aka nuno wani farin saurayi ɗan Rasha yana dambe. Maigida ya ɗaga hannu ya ce a bari. Ya ce yaron nan ya san aiki, hagu ce garkuwarsa, dama kuma ya ɓoye ta sai lokacinta. Rabon da in ji muryarsa haka, har na manta. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Daga nan 'yarmu ta riƙa ɗaukar masa kowane wasan yaron, mu kalla da rana. Shekara wajen uku muna bin sa, yana kayar da maza ɗaya bayan ɗaya. Sunan ya gagare mu, maigida yake ce masa yarona. Har ɗankwalina yake karɓa ya naɗe hannunsa irin na 'yan dambe, yana ba ni labarin gangar da ake yi masa bayan girbi.

Sai ranar neman kambun duniya ta zo. Ana tsakiyar wasa aka shammaci yaron, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. A damben garinmu, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Haka damben maigida ya ƙare a ƙuruciyarsa, a gaban mahaifinsa, bai sake shiga fili ba.

Maigida ya kwance ɗankwalin a hankali, ya miƙo mini, ya juya wa talabijin baya.

Yaron ya miƙe, ya ci wasan, aka ɗaura masa kambu. 'Yarmu ta durƙusa ta ce, "Baba, duba mana, a nan ana tashi a ci gaba."

Ya ce, "Ki daina yi mini wasan yara. Na ga gwiwarsa."

Na roƙe shi, ta sake kunna masa ƙarshen sau da yawa, bai ɗago ido ba. Ya koma bakin taga.

Ɗan Rashan ya riƙe kambunsa har ya yi ritaya, an ce yana koyar da yara a garinsu. 'Yarmu ta goge wasannin, tana nan tana aikinta. Maigida ya rasu da sanyin shekarar da aka yi wasan kambun, aka binne shi a nan, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ɗankwalin yana ƙasan akwatina, ban sake ɗaura shi ba.